Sunan da Na Ƙi Faɗa a Ofishin Karɓar Saƙo

A lokacin da wannan abu ya faru ina koyarwa a wata firamare a Dutse, muna zaune a Yalwawa, shekaruna arba'in da 'yan kai. Asalinmu Fulanin ƙasar Taura ne. Shanunmu sun ƙare tun ina yarinya, abin da ya rage mana sai kunya da taurin kai, ni kuwa na gaji duka biyun har da ƙari. Ɗana na fari yana karatu a ƙasar waje, kuma tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba. Ɗan fari ne, ga shi sunan mahaifin mijina aka sa masa. Mai sunan Malam nake ce masa, ina kuma alfahari da hakan a gaban ƙawayena masu kwaɗa wa 'ya'yansu kira kamar a tasha.

Mahaifina, wanda muke kira Baffa, kunnensa ya yi nauyi. Ya kai ga a masallaci sai ya saci kallon na kusa da shi kafin ya san liman ya yi ruku'u, kuma abin yana cin ransa ƙwarai. Da yaron ya ji, sai ya tara daga ɗan abin da ake ba shi ya sayi na'urar ƙara ji, irin wadda ake maƙalawa a kunne, aka aiko ta da sunansa zuwa adireshin gidanmu. Kamfanin da ya yi dakon ya kira ni, wai in je ofishinsu in biya kuɗin kwastan da na hidimarsu. Kuɗin ya fi albashina na wata, sai da na sayar da tumakina biyu. Maigidan ba ya gari, don haka yayansa ne ya kai ni a mota.

A nan na yi kuskuren. Ma'aikaciyar da ke kan tebur, yarinya ce da ba za ta wuce sa'ar ɗana ba, ta duba lambar saƙon ta ce in faɗi sunan mai shi don ta sa a rasit. Yayan mijina na tsaye a kaina, sunan kuwa na ubansa ne. Na ɗaure fuska na ce ta rubuta nawa, ai ni na biya. Ta ce mini a hankali, ya fi kyau sunan rasit ya dace da na jikin saƙo ko don gaba. Na ce mata ban zo neman darasi ba. Da na karɓi biro na rubuta mata a takarda ma da ya wadatar, ko in bar Yaya ya faɗa, amma ganin ƙaramar yarinya na gyara mini magana a gabansa ya rufe mini ido. Ta rubuta sunana ta miƙo.

Na'urar ta zo a lalace. Mun sa batir, mun juya, ko ƙis ba ta yi ba. Masu sayarwar suka ce a mayar musu za su aiko wata, na kuwa mayar ta wannan ofishin. Bayan makonni sabuwar ta iso Kano, sai aka sake kira na wai in biya kuɗin kwastan daga farko, in ba haka ba za a mayar da ita inda ta fito. Ba ni da tunkiya ta uku. Yaron ne ya shaida mini a waya cewa idan kaya suka koma wurin mai su, ana iya neman a dawo wa mutum da harajin da ya biya. Na tafi da rasit ɗina ina taƙama, aka aika Kano, amsa ta dawo cewa mai rasit daban, mai saƙo daban, ba za a biya ba.

Ina jin nauyin faɗin abin da na yi ranar. Na tsaya a tsakiyar ofis na ce musu ɓarayi, na ce da yarinyar da ita aka haɗa baki. Ta bar ni har na gaji don kaina, sannan ta jawo mini kujera ta ce Mama in zauna. Ba ta tuna mini cewa ta gargaɗe ni ba, ko da wasa. Ta buɗe wani fayil, sai ga kwafin rasit ɗin, da takardar shigowar saƙon, da shaidar cewa an mayar da shi, duk ta haɗa su wuri ɗaya tun ranar da na kawo lalatacciyar. Tawa shaidar kuwa ban ma san inda na jefar da ita ba. Ta ce abu ɗaya ya rage, in je kotu in yi takardar rantsuwa cewa ni ce mahaifiyar mai saƙon, a madadinsa na biya. Ita kuma za ta roƙi na Kano su riƙe sabuwar na'urar har a gama.

Washegari na je kotu, Yaya ne dai ya sake kai ni. Jami'in rantsuwa ya ce in faɗi cikakken sunan ɗana da bakina. Na dubi ƙasa. Na tuna Baffa yana leƙen maƙwabcinsa a sahu, sai na buɗe baki na faɗa. Hawaye ya zubo mini, jami'in ya ɗauka ko yaron rasuwa ya yi har ya fara yi mini ta'aziyya. Yaya ya juya baya yana danne dariya. A mota ya ce mini da na bari tun ranar farko ya faɗa, ai shi ba surukin kowa ba ne a wurin.

Kuɗin bai dawo da wuri ba, kuma bai dawo duka ba, don na hidimar kamfani ba a mayarwa. Sau biyu wa'adin riƙe saƙon yana cika yarinyar nan tana kiran Kano tana ba da haƙuri. Da harajin ya shigo na cika da ɗan abin da ke hannuna na karɓi na'urar. Ranar Juma'a na kai wa Baffa Taura. Da ya dawo daga masallaci ya zauna a kan tabarma ya ce yau ya ji Fatiha daga bakin liman tun daga farko har amin. Na shige ɗaki na yi kuka.

Na koma ofishin da man shanu da ƙwai don in ba yarinyar haƙuri. Ta karɓi haƙurin, kayan kuma sai da na yi da gaske kafin ta karɓa. Har yau ina sa ta a addu'a, Allah ya ba ta 'ya'ya masu jin ƙanta.

'Yan'uwana, duk wanda zai karɓi saƙo daga waje ya tabbata sunan da ke rasit shi ne na jikin kayan, ya kuma adana kowace takarda, musamman shaidar mayar da kaya. Ban ce a bar kunya ba, ni ma har gobe Mai sunan Malam nake ce masa. Amma na gane abin da ya hana ni magana a ofishin nan ba kunya ba ce kaɗai, girman kai ya fi yawa. Shi ya sa Baffa ya ƙara wata biyu yana sallah bai jin liman, kuma babu ofishin da zai dawo masa da su.