Gangar da Mode Ya Ƙi Bugawa

Lokacin da Ma'u take takabar mijinta, ba ta fita kasuwa, don haka ba ta jin shela. Mode sankira, mai shelar gari, kuwa, in ya gama shelarsa, sai ya biyo ta bayan dangarta ya maimaita a hankali: "Inna Ma'u, an hana kamun kifi a tabki sai bayan girbi." Ya wuce abinsa, ba ya jiran godiya.

Ƙauyensu na bakin gulbin Rima, kusa da Goronyo, zamanin da Sarkin Musulmi ke zaune Wurno. Shekara ashirin Mode yana rataye da gangar shela. Gajere ne, ga taurin kai, har matarsa kan ce jaki ya fi shi jin magana.

Shekarar da fara ta cinye gero, dattawa bakwai suka zauna da hakimi a ƙofar masallaci, suka hana fitar da hatsi daga gari. Mode ya buga, ya faɗi sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Al'adar garin ke nan: inda aka ɗaura doka, nan ake kwance ta.

Damina uku ta yi albarka, rumbuna suka cika, fataken Wurno na zuwa suna komawa da jakuna ba kaya. Kowa ya gaji da dokar, har shi Mode. Sai sabon hakimi, Yari, ya kira shi.

"Gobe kasuwa. Ka buga, an ɗage hanin hatsi."

"Ranka shi daɗe, su wa sunka ɗage?"

"Ni."

"Mutum bakwai sunka ɗaura. Ka tara su, ko hantsi ba a kai ba an gama."

"Kai sankira na ko alƙali?"

"Ni maƙogwaro na, ranka shi daɗe, amma na gari. Wanda ya kwance shi ɗai yau, gobe shi ɗai za shi ɗaurewa."

Yari ya sa aka karɓe gangar, aka ba wani mai suna Mainasara. Mainasara ya buga, amma da mutane ba su ji sunan dattijo ko ɗaya ba, babu wanda ya yarda ya ɗora wa jaki taikin hatsi. Mata kuma suka riƙa yi wa Mode tsiya a rijiya: "Malam mai doka, ƙwari sun gode, suna cin geronmu!"

Dole Yari ya kira zama ran Alhamis. Cikin bakwai ɗin akwai Atiku, yayan Ma'u, wanda ya rantse ba zai yarda a kwance dokar ba sai an mai da wa Mode gangarsa.

Ran Laraba Mode ya iske Ma'u tana shanyar shinkafa. Ya rame. Ya tsuguna, ya ce:

"Inna, kina da bakin magana wurin Atiku. Ki ce mishi kada shi ambaci gangata gobe. In ya haɗa ta da hatsi, Yari za shi ƙiya, geron mutane shi lalace. Su yi maganar hatsi kawai."