Suwailim Mai Wanke Farantan Sola

Yayana Suwailim bai iya zama ba. Tun muna yara a Wadi Ramsa haka yake: a tsaye yake shan shayi, kafin ka juya ya bar kofin a kan dutse ya tafi duba abin da ba wanda ya aike shi. Shekara arba'in ya yi yana ɗauko wa ƙauyenmu ruwa a kan raƙuma daga wani marmaro a cikin duwatsu, yini guda zuwa, yini guda dawowa, domin rijiyarmu zartsi ce, ko akuya sai ta yi shawara kafin ta sa baki.

Da marmaron ya ƙafe, mutane suka fara kwashe kaya suna komawa garin Tur. 'Ya'yansa uku suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Saura autansa Furaij da matarsa da 'yarsu Hamda, wadda likita ya ce zartsi ya fara tara mata tsakuwa a ƙoda. A shekarar ce wata ƙungiya ta kafa mana inji a bayan masallaci: farantan sola goma sha biyu, da famfo mai jan ruwan rijiya ya tace gishirin ya zuba mai daɗi a tanki. Kowane mutum jarka ɗaya a rana.

Furaij bai ɓoye wa ubansa komai ba. Ya ce, "Baba, muddin tankin nan na kawo ruwa ina nan. Ranar da ya tsaya zan ɗauki 'yata mu tafi, kada ka ce ban gaya maka ba."

Aka damƙa wa Suwailim makullin injin, don an san ba zai bar shi ya huta ba. Masu kafawa sun ce a riƙa wanke farantan saboda ƙura, sai dai ba su ce da wane ruwa ba. Mu kuwa a nan ruwan daɗi na baki ne kawai. Wanki da wanka da alwala duk da zartsi ake yi, kuma uwarmu ta taɓa marina don na ɗauraye cokali da ruwan salka. Shi ya sa yayana ya ja guga a rijiya ya kama wanki. Da safe ya wanke, da hantsi ya wanke, in iska ta ɗan motsa da la'asar ya sake hawa. Rana na busar da ruwan, gishirin na kwanciya, har baƙin gilashi ya koma fari kamar an yayyafa masa gari.

Ruwa ya fara raguwa. Jarka ta koma rabi. Shi kuma ganin farin nan ya ɗauka ƙura ce ta yi taurin kai, sai ya ƙara wanki. Ya rame, ya daina cin abinci a zaune, ya dinga kewaya tankin yana ƙwanƙwasa shi da sanda yana kasa kunne. Na ce masa, "Yaya, ka zauna mana, jiri kake sa ni. Tankin nan ba kankana ba ce." Ya ce, "Ke Sabha, in ba ki da guga ki ba ni hanya." Raina ya ɓaci, amma tausayinsa ya fi yawa, domin na ga Furaij ya fara ɗaure katifu.

Injiniyar ƙungiyar ta zo ranar Talata, wata 'yar birni mai suna Nirmin. Ta kankari gilashin da farce, ta ɗanɗana, ta tofar.

"Baba, da me kake wanke su?"

"Da ruwa mana, 'yata. Da madara zan wanke?"

"Na rijiya? Wayyo Allah! Kai ka toshe musu ido. Jarka ɗaya ta ruwan daɗi kullum da safe, daga tanki, sau ɗaya tak."

Ya dube ta kamar ta ce ya yanka raƙumi ya ba karnuka. "In zuba ruwan sha a kan abin da ba shi da baki? Ya gangara ƙasa ina kallo?"

"In ba ka zuba ɗaya ba, za ka rasa ɗari."

Sun yini suna kankare gishiri da ruwan lemon tsami. Washegari na tsaya daga nesa ina kallonsa. Sau uku yana ɗaga jarkar yana saukewa. A na huɗu ya yi bisimilla, ya kau da kai gefe, ya tuttula. Cikin kwana huɗu tanki ya cika har yana tumbatsa, Furaij ya kwance katifunsa.

Da a nan labarin ya tsaya da na fi kowa murna. Amma bayan wata biyu na lura ƙafafun yayana sun kumbura, yana tafiya yana dafe kwiɓi. Wata rana da azahar na biyo ta rijiya, na same shi durƙushe, ya kafa kai a guga yana kwankwaɗa.

"Yaya! Zartsi kake sha? Ina jarkarka?"

Ya goge baki. "Gilashi ya shanye."

"Daga tanki aka ce ka ɗiba, ba rabonka ba! Tankin ma ya cika har zuba yake yi!"

"Yau yana zuba. Kin san gobe? Amana aka ba ni, Sabha. Ba zan ɗebi ruwan mutane in zubar a ƙasa ba. Nawa kuwa nawa ne."

"Wallahi sai na gaya wa Furaij."

Ya kama hannuna da ƙarfi har na ji zafi. "In kin gaya masa, ni zai sa a mota ya kai asibitin Tur, kuma in muka tafi ba mai dawowa. Cikina ya saba da gishiri tun ba a haifi uban Hamda ba. Nata ne bai saba ba."

Ban gaya wa Furaij ba. Tun daga ranar ni nake dafa wa yayana shayi da abinci daga tawa jarkar, yana sha yana mitar na cika sukari.