Tsokar da Abdulmumin Majemi Yake Turawa Gaba

Shekara arba'in Abdulmumin ya yi a sunkuye bisa ramukan jima a Zinder, yana ɗago jiƙaƙƙun fatu. Mutanen unguwa sun san shi da hali guda: in aka zauna cin abinci a zaure, tsokar da ta faɗo gabansa sai ya tura wa na kusa. Har kirari ake yi masa, ana cewa ya fi ƙarfin kwaɗayi.

Bara ciwo ya kama shi a ƙugu, ya bi bayan cinyar hagu har diddige. Ya sa wanzami ya yi masa ƙaho sau uku a ɓoye. Ran nan ya sunkuya ɗaukar fata, ya kasa miƙewa.

Abokin sana'arsa Lawali ya ce, "Alhaji, ruku'u kake yi ko fatar ce ta riƙe ka?" Aka yi dariya, sannan aka ciccibe shi.

Matarsa Zuwaira ta raka shi asibiti. Lokotoro, wato likita, mace ce sa'ar 'yarsa, ta ce ɗaukar nauyi a sunkuye ya sa ƙashin baya ya danne babbar jijiyar ƙafa. Amma gwajin jini ya nuna ƙarancin bitamin B12, wanda jijiya ke buƙata, ana kuma samunsa a nama da ƙwai da nono.

"Baba, yaushe rabonka da nama?"

Zuwaira ta riga shi amsawa: "Ai kyautar da shi yake yi."

"To, buɗe bakinka in gani."

Ya dubi ƙofa, ya dubi ƙasa, sannan ya buɗe. Turamen haƙoransa sun zube tun shekara tara da suka wuce. Ba ya iya tauna, bai kuma taɓa faɗa wa kowa ba.

Aka rubuta masa allurai, aka hana shi ɗaukar nauyi, aka koya masa motsa baya.

Ranar Juma'a ta aiko da akushi zaure, da wani ɗan kwano na dakakken nama. Lawali ya miƙa hannu.

Abdulmumin ya janye kwanon. Da ƙyar muryarsa ta fito: "Wannan nawa ne. Ba ni da haƙora, Lawali. Yabon da kuke yi mini, ban cancance shi ba."

Ya ci, kansa a sunkuye.