Na ɓoye sunanta, amma mahaifiyata ta gane ta

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a jami'a ina karanta ilimin halayyar ɗan Adam, na zaɓi in yi bincike kan gidajen Maguzawa da 'ya'ya suka musulunta, iyaye suka tsaya kan addininsu na gado. Na tafi wani ƙauye bayan Ƙarfi da rikoda da takardun amincewa, ina jin kaina wani babban masani.

Akwai wata tsohuwa da ta sake da ni ƙwarai. Na ce mata ba zan rubuta sunanta ba, ta dangwala yatsa a takarda tana dariya. Rana ta uku, tana ɓarzar masara, ta faɗa mini cewa ɗanta, wanda shi ne ladanin masallacin ƙauyen, ya taɓa zuwa wurinta a ɓoye lokacin da 'yarsa ke kwance rai a hannun Allah. Ya roƙe ta ta yanka wa iskokin gidansu jan zakara, ta yanka. Ta ce tun daga ranar ba ya iya haɗa ido da ita.

Ni kuwa, Allah Ya yafe mini, murna na yi. Na samu babin da zai burge malamina.

Na cika alkawari, ban sa suna ba. Sai dai na rubuta "wata Bamagujiya mai kimanin shekara saba'in, wadda ɗanta ladani ne". Da aka ɗaure kundin, na ba direban wata bas kwafi ɗaya ya kai wa mai unguwar ƙauyen, don shi ma na yi masa alkawari.

Washegari a gidanmu na Funtuwa na zauna ina fassara wa mahaifiyata babin, ina jiran yabo. Ita haifaffiyar Ƙarfi ce. Ban kai ƙarshen sakin layi ba ta ajiye farantin shinkafar da take tsinta.

"Ai uwar ladan ce wannan."

Na ce, "Inna, ai ban sa suna ba."

Ta ce, "Ladani nawa ne a ƙauyen, ɗan nan? Kuma mai unguwa Turanci yake ji? Malamin firamare zai kira ya karanta masa a zaure, gaban jama'a."

In aka karanta, ladan ya gama kiran salla a garin, kuma zai san bakin mahaifiyarsa ne ya tona shi.

Na hau mota zuwa Malumfashi, na hau babur, ina addu'o'in da ban ma san na haddace ba. Na tarar da mai unguwa a zaure, kundina na kan buzu kusa da shi.

"Ranka ya daɗe, an karanta?"

"Ina fa! Malam ya tafi cin kasuwar Bakori, sai ya dawo da yamma."

Ban taɓa son wata kasuwa kamar yadda na so ta Bakori a ranar ba. Na ce akwai kuskure babba a ciki, wanda kuma gaskiya ne, ya miƙo mini.

Daga nan na wuce wurin tsohuwar na faɗa mata komai. Ta dube ni ta ce, "Yaro, na faɗa maka ne don kai baƙo ne, na zaci tafiya za ka yi da maganar. Ashe dawo mini da ita za ka yi."

Na koma makaranta na roƙi malamina, na cire babin gaba ɗaya daga kowane kwafi, na goge muryar tsohuwar daga rikoda. Makina ya ragu, kuma har yau ban yi nadama ba.

Abin da na koya shi ne, a ƙauye cire suna ba ya ɓoye kowa. Yanzu duk ɗalibin da ya kawo mini aikinsa, nakan tambaye shi: in maƙwabcin mutumin ya ji wannan, zai gane shi?

Tsohuwar ta rasu da daɗewa. Bara hanya ta bi da ni ta ƙauyen daidai azahar, na kashe mota na saurara. Muryar ta tsufa, amma har yanzu ɗan nata ne ke kiran sallar.