Gawayin Guga da Ruwan Tsamiya

Shekarun da Faransawa suka fara zama a ƙasarmu, ni ne mai wanki da guga na Baturen da ke barikin Matamaye. Ba son aikin nake ba. Amma mai aiki a bariki ba a ɗaukarsa aikin dole na hanyar Damagaram, ni kuwa tsoron hanyar nan nake ƙwarai.

Gawayi ne ya so ya kai ni hanyar. Daga Tsauni ake kawo shi, masu ƙona shi kuma da ƙasa suke kashe wutar, sai ya zo cike da yashi da wani farin gishiri-gishiri. In na zuba a dutsen guga sai ya yi ta tartsatsi, toka na zubowa. Wata rana ya huda farin wandon Bature a gwiwa. Tafinta ya kira ni ya ce, "In ka sake, sai hanya."

Na jiƙa gawayin a ruwan kanwa, don a ganina ba dattin da ya fi ƙarfinta. Da ya bushe sai ya yi fari fat, tartsatsin ma ya ƙaru. Inna, mahaifiyata, ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Kai dai ba ka da wayau," in ji ta. "Kanwa ai ita ma ƙasa ce. Tsami ke cin gishiri."

Ta dama tsamiya mai kauri a tukunya, muka zuba gawayin ya kwana biyu. Muka ɗauraye sau uku, muka shanya a kan zana. Abin da ya kwanta a gindin tukunyar, yashi da laka mai ruwan toka, ya kusa cika tafin hannuna biyu. Gawayin ya ci wuta shiru, tokarsa 'yar kaɗan. Ban ƙara ƙona ko zare ba, har na fara tafiya ina ɗaga kafaɗa.

Bayan girbi aka zo neman namiji ɗaya daga kowane gida don aikin hanya. Mai unguwa ya dube ni ya ce, "Wannan na bariki ne." Sai ya nuna ƙanena, wanda bai fi wata biyu da aure ba.

Ina ta lissafin yadda zan tsira, ban taɓa tambayar kaina wa za a ɗauka a madadina ba. Kunyar wannan ba ta sake ni ba har yau. Waɗanda suka tafi tare da shi sun dawo da bazara, suka kawo wa Inna hularsa.