Na-Sama da Lilon da Ke Leƙen Gidaje

Ranar da aka fara gwajin motar igiya, maƙwabcina Na-Sama yana cikin wanka. Banɗakinsa ba shi da rufi, kamar na yawancinmu a nan kan tudu. Ya cika kai da kumfa ke nan sai ya ji wani gurnani a bisa. Ya goge ido ɗaya ya ɗaga kai, sai ga akwatin gilashi yana tafe a rataye, mutum shida a ciki da hulunan kwano, duk sun zuba ido ƙasa. Wani ma har da ɗaga hannu. Bawan Allah ya rasa inda zai kare, sai ya kifa bokiti a ka ya durƙusa. Na ji ƙarar daga gidana, na ɗauka akuya ce ta faɗa baho.

Da ya fito na tare shi a ƙofa. Na ce, "Maƙwabci, kan ne kawai abin ɓoyewa?"

Ya ce, "Fuska ake ganewa, kai wawa."

Na yi sati ina ba da labarin nan a bakin titi. Shi kuwa ko murmushi bai yi ba, kuma daga baya na gane ba wankan ne ya dame shi ba.

Na-Sama kafinta ne mai rufin kwano. Shekara talatin da takwas ya yi a kan gidajen mutane, har sunansa na yanka ya ɓace. Ya zo unguwar nan da guduma da zarto da matarsa, wadda kowa ke ce wa Inna. Ɗaki ɗaya suka fara yi, duk ɗan da aka haifa sai a ƙara ɗaki, har gidan ya zagaye tsakar gida da bishiyar gwaba a tsakiya. Sau ɗaya ya taɓa faɗowa, shi ya bar masa ɗingishin da yake yi. Yana da wata ƙa'ida da duk wanda ya koyi aiki a hannunsa ya sha ranƙwashi a kanta: kafin ka taka tsani, ka ɗaga murya sau uku ka ce za a hau sama, don maƙwabta su kintsa. In ka hau kuma, idonka a kan ƙusa. Ya taɓa korar wani gwanin ma'aikaci don kawai ya waiga gidan mutane ya yi dariya.

Kada a ce yana ƙin motar igiyar, wadda mu muke ce wa lilo. Shi ya fi kowa murna da ita. Daga tudunmu zuwa kasuwa hanya ɗaya ce, ga kwana ga cunkoso, 'yarsa mai aikin jinya takan ɓata awa biyu kafin ta isa asibiti. Lilo kuwa minti goma sha biyu. Lokacin da ake kafa turakun ƙarfe goma sha ɗaya, kullum yana can da sandarsa yana kallo, ya dawo ya yi mini bayani kamar shi ya zana. Shi ya faɗa mini dalilin da ya sa aka ja igiyar tsaye ta kan gidaje ba a bi titi ba: igiya ba ta yin kwana sai an gina mata tasha, kuɗin tasha ɗaya kuwa ya isa a gina makaranta uku. Ya ce, "Ko ni ne haka zan yi."

Da aka buɗe, sai ya zama duk rabin minti akwati ɗaya na wucewa ta kan gwabar, cike da mutane. Inna tana da ciwon ƙirji, likita ya ce ta riƙa zama a fili tana shan iska. Shekara da shekaru a gindin bishiyar nan take wuni, ta tuɓe ɗankwali, ta miƙe ƙafa, tana tsefe wa jikoki kai. Kwana uku da buɗewa wani fasinja ya ɗaga waya ya ɗauke ta hoto. Ta naɗe tabarmarta ta shige ɗaki, ba ta sake fitowa ba. Kafin wata guda tarinta har gidana nake jin sa.

Babban ɗansu ya zo ya ce, "Baba, ko a rufe tsakar gidan, ko a sayar a tashi." Kamfanin lilo ma ya aiko da takarda, za su raba kwano ga gidaje sittin da ke ƙarƙashin igiya, kowa ya rufe nasa.

Na ce masa, "To ga aiki ya zo har gida, Na-Sama. Ka rufe na kowa, yau ka rufe naka."

Ya daɗe yana kallon gwabar. Ya ce, "In na rufe, iskar da ake nema mata fa? Na san zafin kwano fiye da kowa. Tanda zan gina mata."

Washegari ya sa rigarsa mai kyau, ya ɗauki alli da ma'auni, ya ce in raka shi. Muka shiga lilo. Ni ina riƙe da ƙarfe ina salati, shi ya zauna, ya tashi, ya durƙusa, ya sa ni na yi ɗage kamar dogon mutum, duk inda ido ya fara hango ƙasan gidaje sai ya ja layi a jikin gilashi. Sau huɗu muka je muka dawo. A na biyar mai gadi ya kama mu da laifin ɓata gilashi, ya kai mu ofis.

Injiniyar da muka tarar mace ce, ba ta wuce sa'ar 'yarsa ba. Ya gaishe ta kamar wata babba, ya ce, "'Yata, aikinki ya yi kyau. Amma kin zana shi daga sama, ba ki shigo ta ƙofa ba." Ya ciro wani ɗan samfurin shingen taga da ya haɗa da katako, tsinke-tsinke a karkace, mai barin ido ya ga nesa ya hana shi ganin ƙasa.

Ta jujjuya shi ta ce, "Baba, wannan dabara ce. Sai dai duk abin da na liƙa wa akwati a waje, iska za ta kama shi, nauyi zai ƙaru, sai an sake lissafin igiya daga farko. Kuma kuɗin aikin an rufe."

Na ɗauka zai yi fushi. Sai ya gyaɗa kai ya ce gaskiyarta, bai yi tunanin iska ba. Ya ajiye katakon. "To a ciki fa? Farar ledar nan da ake manna wa tagar banɗaki. Daga ƙasa zuwa layin allina. Akwati arba'in kuke da su, na ƙirga. Auna ledar, ki auna kwanon gida sittin da katako da ƙusa, ki gani wanne ya fi sauƙi. Kwanon kam ni zan faɗa miki farashinsa."

Ta rubuta abin da ya faɗa. Ta tambaye shi abin da ya sa ya damu haka, ya ce mata matarsa ba ta ga rana ba wata guda. Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Abin bai zo da sauri ba. An yi zama, an yi gardama, masu son kallon gari suka yi ƙorafi. Sai bayan sati bakwai aka fara manna ledar, kuma layin da aka bi ya ɗan gaza nasa da faɗin yatsu uku, abin da har yau yake mita a kai. Ranar da akwati na ƙarshe ya wuce fari fat daga ƙasa, shi da kansa ya shimfiɗa tabarma a gindin gwaba. Inna ta fito da ɗankwalinta ɗaure tamau, tana satar kallon sama. Sai da akwati goma suka wuce sannan ta kwance shi.

Ni dai ban bar shi ya huta ba. Da yamma na same shi a kan benci na ce, "Na-Sama, ka makantar da gari. Yau na biya kuɗina na hau, ko gidanka ban hango ba."

Bai ko ɗago daga gudumar da yake sa wa ƙota ba. Ya ce, "Kai da ka shekara talatin kana leƙen gidana ta katanga kyauta, me ya kai ka biyan kuɗin mota?"