Maigidan Jirgi

Zan faɗi wannan abu yadda ya biyo juna, domin na sha jin ana ba da shi a hargitse.

Gidanmu a Zangon Kumasi masaukin fataken goro ne, kuma Baba shi ne maigida. A wurinmu maigida ba mai mata da 'ya'ya kawai ba ne. Falke in ya zo daga Kano ko Damagaram, a hannun maigida yake sauka. Shi zai ba shi ɗaki, ya haɗa shi da masu goro, ya tsaya masa a kasuwa. In baƙo ya yi ɓarna ba a taɓa baƙon, wurin maigidansa ake zuwa. A kan wannan tsari Baba ya yi furfura. Ni ne ɗansa na fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "kai". Na ɗan yi makarantar boko, ni ke yi masa tafinta.

Wajen ƙarshen shekarar 1969 gwamnatin Gana ta yi shela cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasa. Baba tun yana yaro aka kawo shi daga Damagaram, bai taɓa riƙe irin wannan takarda ba. Ni a Kumasi aka haife ni, amma babu wanda ya iya faɗa mana ko wannan ya isa. Shelar ta same mu da baƙi cike da gida, goronsu ɗaure a huhu, wato ƙunshin ganye, har rufi. Motocin da ke ɗaukar goro duk sun koma ɗaukar mutane da katifu da tukwane. Goro kuwa ba ya jira. Yana son a kwance shi lokaci lokaci, a sake masa ganye, a tsince mai sankara.

Wani dattijo cikin baƙinmu, Bakano, shi ya kawo shawarar ruwa. Ya ce a haɗu a yi shatar ƙaramin jirgin kaya daga Takoradi zuwa Ikko, daga can jirgin ƙasa ya kai arewa. Aka yarda. Muka sami wakilin wani jirgi a Takoradi, Bafante ɗan ƙasa, mai fara'a, yana ɗan taɓa Hausa. Mai jirgin Bature ne da ke wata ƙasa can ƙetare, ba mu taɓa ganinsa ba. Kyaftin ɗin ma ɗan wata ƙasar ne daban. Wakili ya sa hannu, Baba ya dangwala yatsa a madadin baƙinsa. Daga nan fatake suka danƙa masa amanar goron, yawancinsu suka bi hanyar mota don su tarye shi a Ikko.

Aka loda goro, aka rufe cikin jirgi. Ranar tashi ta zo, jirgi bai motsa ba. Muka tambaya, aka ce mai jirgi ya aiko a jira wani kaya. Muka ce to a bar mu mu shiga mu duba goro, kyaftin ya hana. Muka ce a sauke mana abinmu, ya ce ba shi da izini. Ina tsaye bakin tasha ina kallon ƙarfen jirgin cikin rana, ina tunanin zafin da ke ciki.

Na matsa wa Baba muka je wurin lauya a Sakandi. Mutum ne mai magana a taƙaice. Ya duba takardar, ya faɗi abu uku, na juya wa Baba su ɗaya bayan ɗaya. Mai jirgi ba ya ƙasar nan, kotun nan ba ta da hurumi a kansa. Takardar ta ce in rigima ta tashi a Landan za a yanke ta. Amma jirgin kansa, muddin yana cikin ruwan Gana, kotu na iya tsare shi kamar yadda ake tsare mutum, a manna masa takarda, ba zai tashi ba sai mai shi ya bayyana ko ya aiko wanda zai tsaya masa.

Baba ya ce, "Hurumi? A garinmu hurumi filin bayan gari ne da ba a nomawa. Me ya haɗa shi da jirgi?"

Na ce, "Baba, yana nufin iyakar inda hannun alƙali ke kaiwa."

"To hannunsa ya kai ga ƙarfe, bai kai ga mutum ba?"

Lauya ya ce a yi yau, kuma kada kowa ya ji. Da na juya wannan, fuskar Baba ta sauya.

"Kai, tambaye shi. Jirgin nan a hannun wa ya sauka?"

"A hannun wakili."

"To yana da maigida ke nan. Ni in kama kayan baƙon mutum ban je wa maigidansa ba? Gobe in aka yi wa nawa baƙon haka, me zan ce?"

Na ce masa wakili ba maigida ba ne irin namu. Ya ce wanda ya tarye ka, ya nema maka ciniki, ya ci lada a kanka, wane suna gare shi kuma? Akwai wani abu kuma da ba mu furta ba, ni da shi. Shiga kotu a wannan lokaci yana nufin tsayawa gaban hukuma a tambaye ka takardarka.

Washegari da hantsi Baba ya sa babbar riga, ya ɗauki dattijon Bakano da wani limami na Zangon Takoradi, da ƙullin farin goro, muka je ofishin wakili. Aka gaisa yadda ya kamata. Baba ya yi bayani tiryan tiryan, bai rage komai ba. Ya ce lauya ya ba mu shawarar tsare jirgi, amma mu ba ma yin haka sai mun zo wa maigida. Da na zo juya wannan jimla na tsaya. Baba ya dube ni ya ce, "Faɗa masa." Na faɗa.

Wakili ya kama hannun Baba da hannu biyu, yana ba shi haƙuri. "Papa, kafra, kafra. Jirgi ba ta gudu. Ni ne nan. Goro naka, goro nawa." Ya aika aka kawo mana lemo mai sanyi. Liman ya yi addu'a, muka shafa. A hanya Baba ya ce mini, "Ka gani? Boko bai koya muku gaisuwa ba."

Da gari ya waye na je tasha. Inda jirgin yake sai ruwa da ɓawon kwakwa. Na tambayi wani ɗan dako, ya nuna mini teku da leɓe. Na daɗe ban koma masauki ba, don ban san da bakin da zan faɗa ba. Daga ƙarshe na je na faɗa wa Baba. Ya nemi buta.

Bayan wannan ya ce a kai wakili ƙara, tunda shi ne maigida. Lauya ya ce ba za ta yi ba, Baba ya ce a kai. Shekara ta juya kafin a kira mu. A wannan tsakani muna Kumasi, Zango ya zama kango. Gidajen maƙwabta a kulle, wasu an sayar da su a wulaƙance. Duk motar da ta tsaya ƙofar gida sai in leƙa in ga ko hukuma ce. Baba ya daina zuwa kasuwa, sallah ma a zaure yake yi.

Ranar shari'a ba a daɗe ba. Lauyan wakili ya ce mutuminsa ɗan aike ne, da sunan wani ya sa hannu. Alƙali ya saurara, ya yi magana a hankali, ba da wulaƙanci ba. Ya ce wakili ba shi ne abokin shata ba. Abokin shata yana ƙetare, jirginsa ya bar ruwan Gana, kotu ba ta da abin riƙewa. Baba ya ɗaga hannu, aka ba shi dama.

"Ranka ya daɗe, in wannan ba maigidansa ba ne, wane ne?"

Tafintan kotu ya rasa yadda zai juya kalmar, ya ce mai gidan haya. Alƙali ya ce jirgi ba ya haya a gidan kowa. Sannan ya dubi takardun gabansa ya tambayi ƙasar mai ƙara. Lauyanmu ya miƙe da sauri ya ce mun janye. Muka fita ba mu waiwaya ba.

Labarin goron ya iso daga baya, ta bakin wani direba. Jirgin ya bi wasu tashoshi kafin ya isa Ikko. Da aka buɗe, ma'aikatan tasha suka toshe hanci. Fataken da suka yi ta jira a can ko huhu ɗaya ba su ɗauka ba.

Na ce wa Baba dokar da ta wanke wakili ta wanke shi, shi ma da sunan wasu ya dangwala yatsa. Ya dube ni kamar na zage shi.

"Wancan ya ce shi ba maigida ba ne. Ni na ce?"

Ya sayar da rumfar katakonsa ta Anloga, ya sayar da ɓangaren gidan da baƙi ke sauka, wani Batone, ɗan ƙasa, ya saya. Ya bar mana ɗakunan ciki, ni da iyalina da Inna. Ya ɗaure abin da ya samu a ɗamara, ya ce zai bi fataken gari gari, Kano da Katsina da Maraɗi da Damagaram, ya ba kowa abin da ya sawwaƙa, ya faɗa masa da bakinsa yadda aka yi. Na ce in ya fita ba za a bar shi ya dawo ba. Ya ce ya sani.

Na raka shi tashar mota a Krofrom. Ya hau, ya zauna gefen taga, ya ce in riƙa duba rufin ɗakin Inna kafin damina. Bai sake taka Kumasi ba.